Motar da Ba Ta Mutuwa Sai a Hannun Mai Ita

Har yau ban manta da ranar Larabar da Hajiya Metiron ta zo garejinmu na Gyaɗi-Gyaɗi a adaidaita sahu, ta tsaya a bakin rumfata ta ce in ɗauko kayan aiki in biyo ta ba. A lokacin na haura shekara ashirin ina aikin rewaya, wato gyaran wayoyin wutar mota, kuma ni ne ogan rumfar. Ba a saba yi mini magana haka ba. Amma na ɗauki tasta da sukundireba na bi ta sum-sum, domin na san abin da na yi mata. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kuna yawan tambayata dalilin rubutun da ke jikin allon ƙofarmu. To ga inda ya samo asali.

Sunanta Hajiya Binta, amma duk Tarauni Metiron ake ce mata, saboda da wannan muƙamin ta yi ritaya daga asibiti, ita ce shugabar nas-nas ta ɗakin masu haihuwa. Ga wanda bai san asibiti ba, metiron ita ce wadda in ta shigo ɗaki har likita sai ya gyara tsayuwa. Ritayar ba ta rage mata komai ba. Gajeriya ce, tana ɗora tabarau a ƙarshen hanci, kuma in tana yi maka magana sai ka ji kamar ka manta ba ka wanke hannu ba.

Motarta fara ce ta zamanin kafireta, irin wadda tuni aka daina shigo da ita. Marigayi maigidanta ne ya saya, bayan rasuwarsa ta ci gaba da tuƙa abarta da kanta. Mu a gareji Dattijuwa muke ce mata. Motar fa nake nufi, don babu wanda ya isa ya kira mai ita haka. Da ita take zagayen da ta ɗora wa kanta bayan ritaya: ta leƙa mai jego a Unguwa Uku, ta wanke wa wani tsoho mai ciwon suga gyambonsa, ta kai wata awon ciki, ta biya kasuwa ta dawo gida.

Ƙorafinta guda ɗaya ne. In ta murɗa makulli injin zai tashi lafiya lau, tana sakin hannu sai ya mutu. Sai ta gwada sau huɗu sau biyar kafin ya yarda ya ci gaba da aiki. Wani lokacin kuma sai ta hau titi, tana faɗawa rami ko ta taka tudun rage gudu sai ya ɗauke. Sau biyu yana yi mata haka a tsakiyar titin Gidan Zoo, 'yan adaidaita suna ta danna mata hon suna cewa Hajiya a koma gida a huta.

Kafin in ci gaba, bari in yi bayanin abu biyu saboda wanda ba ɗan sana'a ba. Na farko, makullin tsohuwar mota matakai uku yake da su. In ka murɗa matakin farko, rediyo ne kawai zai samu wuta. Mataki na biyu shi ke kunna jajayen fitilun da ke gaban direba, ya kuma tura wuta zuwa kwayil, ita ce ke haɗa tartsatsin da fulogi ke ƙona mai da shi. Na uku shi ne na tayarwa, kana saki sai ya dawo na biyu ya zauna, kuma a nan yake zama muddin mota tana tafiya. Abu na biyu dokar rumfata ce. Shekaru kafin nan wani ɗan kasuwa ya ɓatar da makullin shagonsa, ya zo ya tara mana jama'a ya rantse a wurinmu ya ɓata. Tun daga ranar na sa aka rubuta a allo cewa duk wanda ya kawo mota ya zare makullinta shi kaɗai ya ba mu, ya tafi da sauran makullansa. In mun gama aiki kuma mu ne muke tayar wa mai mota, mu bar injin yana aiki, ya ji da kunnensa, ya shiga ya ja. Ina alfahari da wannan tsarin ƙwarai, har wasu garejin suka kwaikwaya.

Zuwanta na farko cikin damina ne. Ta kashe mota, ta zare makullin kamar yadda allo ya ce, ta miƙo mini tare da wata takarda da ta ninke huɗu.

"Malam Habu, ga bayanin ciwon nan na rubuta. Ranaku da lokaci da abin da na gani."

"Hajiya, ai nan ba asibiti ba ne," na ce ina dariya. "Mu mota ba ma buɗe mata kati. Da kin faɗa ma na gano."

Ta dube ni ta saman tabarau. Na jefa takardar a durowar gaban motar.

Kuma da gaske na ɗauka na gano. Duk ɗan rewayar da ya yi aiki a tsofaffin motoci ya san wannan ciwon. Kusa da kwayil akwai wani ɗan farin abu kamar alli, rizista muke ce masa. Lokacin da kake tayar da mota wuta takan bi wata hanya ta tsallake shi, kana sakin makulli sai ta dawo ta bi ta cikinsa. In ya ƙone, mota za ta tashi, kana saki ta mutu. Daidai da abin da ta faɗa. Abin da ya kamata ya tsayar da ni shi ne, kafin in taɓa komai na tayar da motar sau goma ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Sai na ce wa kaina ai tsagewa ya yi, yana kamawa yana saki. Na canza shi, na tayar mata da mota, ta ja ta tafi gida lafiya.

Bayan kwana biyu sai ga ta. "Malam Habu, mara lafiyarka ta dawo."

A karo na biyu na yi aiki na gaske, wannan kam ko a gaban wa zan faɗa. Na bi wayar da ta taso daga gidan makulli har kwayil, taku bayan taku. Na wanke kawunan batir. Na kwance wayar da ke ɗaure da jikin mota na kankare tsatsa. Na zare fiyus ɗaya bayan ɗaya na duba. A ƙarƙashin sitiyari na tarar da wani tsohon haɗi da wani gwani ya naɗe da baƙar leda maimakon salatif, na yi murna kamar na tsinci zinare, na kira maƙwabta su zo su ga aikin 'yan zamani. Na yanke na sake haɗawa da dalma. Sannan na maƙala tasta a jikin kwayil. Tasta ɗan ƙwan fitila ne da waya, in akwai wuta ya kama, in babu ya mutu. Na bar injin yana aiki na riƙa girgiza wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ƙwan ko ƙiftawa bai yi ba. Da ta ce mini kullum daga gareji zuwa gida lafiya take kaiwa, sai da safe ciwon ke tashi, na ce to sanyin damina ne ke shiga, na busar da murfin distiribita, wato abin da ke raba wa fulogi wuta, na toshe duk wata kafa.

Kwana ɗaya wannan gyaran ya yi.

A karo na uku na yi abin da kowane ɗan rewaya yake yi in dabara ta ƙare masa, na ce ba wuta ba ce, mai ne. Na tura ta rumfar Sabo bakanike da ke jikin tawa. Ni da Sabo mun shekara goma sha muna cin abinci a kwano ɗaya, kuma a duk shekarun nan ba mu taɓa yarda a kan ciwon mota ɗaya ba. Shi a wurinsa duk abin da ya lalace a duniya waya ce, ni kuma a wurina kafireta ce.

Sabo ya wanke kafireta, ya duba fanfon mai, ya zaga da motar har Unguwa Uku ya dawo. Ya jefo mini makullin.

"Oga Habu, ɓangarena fes yake. In ka gaji da rewayar ka faɗa, ina neman mai wanke mini sifana."

Maganar ta yi mini zafi fiye da yadda na nuna. Mota ɗaya ta zo mini sau uku a idon mutane, kuma mai ita ba mai rufa wa kowa asiri ba ce, a bakin ƙofa take tsayawa ta yi bayani da ƙarfi.

A wannan halin ne ɗanta Kabiru ya same ni ranar Litinin da yamma. Ma'aikacin ofis ne, yaron kirki, yana son mahaifiyarsa ƙwarai. Ya ce ranar Lahadi ya ɗauki makullin ajiya da ke wurinsa ya tuƙa motar da kansa, ya zaga gari, ko tari ba ta yi ba. Ni ba ta mutu a hannuna ba, Sabo ba ta mutu a hannunsa ba, shi ma haka.

"Oga, tsakani da Allah," ya ce yana rage murya, "motar ce ko Umma ce?"

Da na ce masa ban sani ba, da na faɗi gaskiya. Amma bakina ya kasa furta kalmar. Sai na gyara tsayuwa na ce motar lafiyarta ƙalau, na duba ta daga kai har ƙafa. Na ce wataƙila Hajiya tana tayarwa a cikin giya ne ta saki kuloci ba ta sani ba, ka san ƙafa in an kwana biyu a duniya ba ta jin magana kamar da. Kabiru ya jinjina kai. Ya ce dama abin da yake tsoro ke nan, kada wata rana ta mutu mata a gaban tirela. Ya ce ranar Asabar zai kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauki motar, ya samo mata ɗan adaidaita amintacce da zai riƙa kai ta inda take so. Na ce hakan ya yi. Har wani sanyi na ji a raina, na rabu da Dattijuwa.

To ranar Laraba da hantsi ita ce ranar da na fara ba ku labari. Muna cikin adaidaita zuwa Tarauni, da muka yi nisa sai ta juyo ta dube ni.

"Kabiru ya ce kai ka ce na tsufa."

"Hajiya, wallahi ban ce kin tsufa ba. Cewa na yi ƙafa..."

"Ƙafar ta wace ce? Ta maƙwabta?"

Ɗan adaidaitan ya fashe da dariya, ta dube shi ta madubi ya haɗiye abarsa.

"Shekara talatin da biyar ina tuƙi," ta ce. "Na kai mata masu naƙuda asibiti a motar nan da ba zan iya ƙirgawa ba. Ranar da aka karɓi makullin nan daga hannuna, Malam Habu, ranar na zama kayan ɗaki. Sai in zauna in jira a zo a ɗauke ni a ajiye." Ta juyar da kai tana kallon titi. Ni dai na rasa inda zan sa idona.

Motar tana tsakar gida ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ta ce tun jiya injin ya ƙi zama a kunne gaba ɗaya, ko sau nawa ta gwada. Na miƙa hannu don in karɓi makulli kamar yadda na saba.

"A'a. Yau kai ne ɗan koyo. Shiga can gefe ka zauna ka zuba ido. Sau uku ina kawo maka ita, ka taɓa ganin na tayar da ita a gabanka?"

Na yi tunani. Ban taɓa ba.

Ta zauna, ta nuna mini giya da yatsa don in shaida ba a ciki take ba, sannan ta zura hannu a jaka. Abin da ta fito da shi sai da na ƙara buɗe ido. Damin makullai ne irin na mai gadin kasuwa. Akwai na ƙofar gida, na ɗakuna, na sito, na wani ƙaton kwado. Akwai na ɗalibai 'yan koyon nas da take ba wa haya a bayan gida, waɗanda suke bar mata in za su tafi aiki. Ga ɗan almakashin asibiti, ga abin yanke farce, ga 'yar tocila. Makullin motar yana can tsakiya kamar baƙo a gidan biki. Ni duk zuwan da take yi ban taɓa kula ba, domin a cikin mota take zare shi, ta jefa sauran a jaka kafin ta fito.

Ta zura, ta murɗa. Rediyo ya kama, jajayen fitilu suka kama, injin ya tashi da ƙarfinsa. Ta saki hannu. Damin nan ya yi lilo sau ɗaya, ya ja kan makullin baya kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba. Injin ya mutu. Fitilun gaban direba duk suka ɗauke. Mai labarai a rediyo kuwa ya ci gaba da maganarsa kamar ba abin da ya faru.

Nan take na gane. In ƙafar direba ce ta kashe mota, jajayen fitilun nan dole su kama, domin makulli yana nan a mataki na biyu. Tunda suka ɗauke rediyo kuma bai ɗauke ba, makullin ne ya zame ya koma mataki na farko. Wannan ko wanda ya yi wata shida a rumfa ya sani.

"Hajiya, a ƙara tayarwa."

Ta tayar. Kafin ta saki na sa tafin hannuna na tallafi damin daga ƙasa. Injin ya ci gaba da aiki, lafiya lau, har minti guda. Na janye hannu. Ya mutu. Na fita na buɗe bonet na maƙala tasta a kwayil, na jawo ƙwan inda zan hango shi ta gilashi, muka sake. Ina tallafe ƙwan yana ci, ina saki ya mutu. Sau biyar muna yi, ba don ina shakka ba, sai don ban san abin da zan ce mata in mun daina ba.

"Buɗe durowar nan," ta ce.

Takardarta tana nan inda na jefa ta makonni uku da suka wuce, a ninke huɗu. Ta ja layuka da rula kamar katin mara lafiya. A gaban kusan kowace rana ta rubuta abu ɗaya da kyakkyawan rubutunta: fitilu sun ɗauke, rediyo bai ɗauke ba. Tun ranar farko amsar tana cikin motar, ni kuma ina ƙarƙashin sitiyari ina yi wa mai baƙar leda dariya. Kunya irin ta ranar ban taɓa ji ba a sana'ar nan, har gumi ya jiƙa mini riga.

Na yi mata bayani. A bayan gidan makulli akwai suwici, a cikinsa akwai 'yan ƙarafan tagulla da wani ɗan sifirin da ke riƙe makulli a matakinsa. Shekara da shekaru nauyin nan yana rataye yana cinye su, har suka kai ba sa iya riƙe komai sai makulli shi kaɗai. Ta ce watanni uku da suka wuce ne ta ƙara na kwadon da na ɗaliban, kuma a lokacin ciwon ya fara. Na ce yanzu zan kwance in gyara.

"Kada ka taɓa," ta ce. "Akwai wanda bai ga mara lafiya ba tukuna."

Ta kira Kabiru a waya ta ce ya zo in ya tashi cin abincin rana. Ni kuma ta sa aka kawo mini kunun aya, na zauna a kan benci ina sha kamar wanda ke jiran hukunci.

Bayan azahar ya iso da rigarsa ta ofis. Ya gan ni ya ɗan sha jinin jikinsa.

"Umma, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Tunda Asabar za a ɗauke ta, ina so ka fitar mini da ita waje in share wurin. Ungo." Ta miƙa masa damin gaba ɗaya.

Ya shiga da ƙarfin gwiwa, ya murɗa, ta tashi, ya saki, ta mutu. Ya gyara zama ya sake. Ta mutu. Ya duba giya, ya danna kuloci har ƙasa, ya ba ta wuta kamar zai tashi sama, ya saki. Ta mutu, rediyo yana ta zuba.

Hajiya ta matso bakin taga ta gyara tabarau.

"Malam Habu, kai ne masani. Me ka gani?"

Na sunkuyar da kai. "Hajiya, da alama ƙafa ce."

"Haka nake zargi. Kabiru, ƙafarka ta daina jin magana. Miƙo mini makullin motarka, zan samo maka ɗan adaidaita amintacce."

Kabiru ya dube ta, ya dube ni, bakinsa a buɗe. Sai na matsa na tallafi damin na ce ya tayar, na nuna masa abin da ke faruwa. Na kuma faɗa masa a gabanta cewa maganar da na yi masa ranar Litinin ba ilimi ba ne, girman kai ne, na kasa gano ciwo sai na ɗora wa mai mota. Na ce Hajiya ta yafe mini. Kabiru ya fito daga mota ya durƙusa a gabanta, ya ce Umma ki yi haƙuri, tsoro ne ya sa. Ta ɗora masa hannu a ka.

"Na san tsoro ne. Ranar da idona ko ƙafata suka gaza, ni da kaina zan kawo maka makullin, ba sai an aiko ba. Na sha karɓe wa wasu aiki a asibiti saboda hannunsu ya fara rawa, na san yadda abin yake. Abin da ya yi mini ciwo, ku uku maza har da Sabo kuka taru a kan mota, babu wanda ya ce Hajiya nuna mana."



Gyaran kansa bai ɗau lokaci ba. Da makulli ɗaya na kawo motar gareji, na kwance murfin sitiyari na ciro suwicin, na tarar da ƙarafan sun siɗe sun yi baƙi, sifirin kuma ya saki. Sabon irinsa babu shi a kasuwa. Sabo ya ce in ja waya kai tsaye daga batir in sa mata maɓalli a huta, na ce Allah ya kiyaye, wannan aikin ɓarayin mota ne, kuma ranar da aka manta shi a kunne kwayil ce za ta ƙone. Washegari da sassafe na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na yi ta bin shaguna har na samu na Beljiyam mai ƙwari. Na ɗaura, na sa ta zo da damin nata ta tayar a gaban kowa, injin ya ci gaba da aiki bai mutu ba. Duk da haka na roƙe ta ta raba makullin mota da sauran, in ba haka ba wannan ma zai bi ɗan'uwansa. Ta yarda ta cire komai ban da ɗan almakashin, ta ce shi kam tun tana ƙaramar nas yake tare da ita.

Sabo kuwa ya samu abin yi. Har yau in mota ta gagare ni sai ya leƙo ta saman katanga ya ce, "Oga Habu, an duba ƙafar mai ita kuwa?" Ba na iya ramawa, domin a ƙarshe dai wuta ce ba mai ba.

A makon na sa aka goge allon ƙofa aka sake rubutu. Dokar makulli tana nan, amma an ƙara layi a samanta, shi ne wanda kuke tambaya: mai mota ya fara tayar da motarsa a gabanmu, da hannunsa, da makullinsa, yadda ya saba yi a gida. Abin da na koya ke nan. Mu rabin awa muke yi da mota, mai ita kuwa shekaru ya yi da ita, kuma ko bai san sunan ko waya ɗaya ba ya san abin da ya gani. In kun duba kun rasa, ku ce kun rasa. Kalmar tana da nauyi a baki, na sani, amma ni da na ƙi faɗarta saura kwana uku in raba baiwar Allah da motarta a kan laifin da ba ta yi ba.

Takardar nan mai layuka na roƙe ta ta bar mini, ita ce kuke gani a manne a cikin murfin akwatin kayan aikina. Hajiya kuma har yanzu tana tuƙi. In ta biyo ta gaban gareji takan rage gudu ta danna hon sau biyu, ta leƙo ta taga ta ce, "Malam Habu, ƙafar tana gaishe ka."